AMV ɗina duk kama yake da na kowa, ta ina zan fita daban?

Ƙanina na ga tambayarka, bari in maimaita ta a taƙaice saboda masu karantawa. Kace kana haɗa AMV, wato bidiyon da ake yanko wurare daga anime (katun ɗin Japan) a ɗora su kan waƙa, a waya da manhajar Alight Motion, ka iya zum ka iya girgiza ka iya sulo (rage saurin hoto), bit wato bugun kiɗa baya wuce ka, amma duk wanda ka ɗora sai wani ya zo ya ce maka "ai irin na wane ne", har kai kanka in aka jera naka da na mutum biyar baka iya ware naka in ba don sunanka da ke can kusurwa ba. Shi ne kake tambaya ko ka tara kuɗi ka sayi laftof ka koma manhajar After Effects, ko ka nemo anime ɗin da ba wanda ya sani, ko kuwa dai an riga an cinye komai babu sauran sabon abu.

Toh ni a ganina duka ukun nan ba a nan gizo ke saƙar ba. Kafin komai ni ma bari in tambaye ka, sina-sinan da kake aiki da su, wato gutattakin shirin da kake jerawa, daga ina kake samo su? Ko baka faɗa ba zan iya cewa fakitin sin ne, irin wanda wani ya zauna ya yanko duk wuraren da Gojo na shirin Jujutsu Kaisen ya cire ƙyallen ido ko ya ɗaga yatsa, ya ƙara musu kyau zuwa 4K, ya yi musu sulo da Twixtor ya zuba a YouTube ko Telegram ya ce kowa ya ɗauka. Kai ka sauke, wani a Indonesiya ya sauke, wani a Barazil ya sauke, dukanku kuma kun ɗora waƙar fonk (wani salon kiɗa mai nauyin bes) da ke tashe a satin, kun saka firiset, wato shiryayyen saitin ifekt, da aka raba a guruf ɗaya. Don Allah ta ina zai bambanta? Aikin mai tace hoto fa gaba ɗayansa zaɓe ne, wannan ya shiga wancan ya fita, wannan ya zo kafin wancan. Wanda ya haɗa fakitin ya riga ya yi maka rabin zaɓen tun kafin ka buɗe manhaja, kuma da idonsa ya zaɓa ba da naka ba, shi abin da ya nema kawai inda aka fi walƙiya. Kamar tela ne a kawo masa yadin da wani ya riga ya yanka, duk iya ɗinkinsa rigar da mai yankan ya nufa ita ce zata fito.

Na san dalilin da yasa ake bin fakitin, data ce da wurin ajiya a waya, ban raina wannan ba. Amma ba sai ka sauke One Piece mai kashi sama da dubu ba ai. Ka ɗauki shiri mai kashi 12 ko 13, ko fim guda ɗaya, wanda babu sabtaitil manne a jikin hoton, ko 720p ne ya wadatar in a waya za a kalla. Sai ka kalle shi da biro da takarda, kana rubuta lambar kashi da minti da sakan na duk abin da ya tsaya maka a rai. Kuma kar ka tsaya a faɗa kawai. Ka rubuta hannaye, hannun da ya miƙa aka ƙi kamawa, ƙofar da aka rufe, ƙafafu suna tafiya, wanda ya juya baya, fuskar wanda ke tsaye a gefe yana kallo ana magana bai ce komai ba, jirgin ƙasa yana wucewa, wayoyin lantarki da sararin sama. Anime cike yake da irin waɗannan saboda yadda ake yinsa a Japan, zane yana da tsada kuma lokaci babu, sai darakta ya riƙe hoto ɗaya ya ja kyamara a hankali a kansa ko ya nuna sama na sakan uku don ya huta da zana motsi. Masu haɗa fakiti basa ɗaukar su don a wajensu ba komai ke faruwa a ciki ba, alhali su ne kayan aikinka mafi daraja, don basu da ma'ana ɗaya da ta manne musu, duk inda ka ajiye su sai su ɗauki ma'anar wajen. Wannan tsohon sani ne a harkar fim, tun sama da shekara ɗari da suka wuce wani ɗan Rasha Lev Kuleshov ya gwada, ya ɗauki fuskar ɗan wasa guda da bata nuna komai, ya haɗa ta da kwanon miya, ya sake haɗa ta da akwatin gawa, ya sake haɗa ta da wata mace, masu kallo suka riƙa ganin yunwa a nan baƙin ciki a can sha'awa a can, alhali fuskar ɗaya ce bata canza ba. Gojo yana harba shunayyar wutarsa kuwa ko ina ka kai shi Gojo ne yana harba wuta, ba zai taɓa zama wani abu ba.

Maganar an cinye komai kuma, wannan kukan ya girme ka. Wanda ake cewa ya fara AMV wani ɗalibi ne a Amurka Jim Kaposztas, a 1982, ya jona na'urar bidiyo mai kaset guda biyu, ya kwaso wuraren kashe-kashe mafi muni na anime ɗin Star Blazers ya ɗora su kan waƙar Beatles mai cewa soyayya kaɗai ake buƙata. Ba ifekt ko ɗaya, yankan ma da ƙyar yake faɗawa daidai, amma kaga akwai magana a ciki, hoton yana ƙaryata waƙar kuma da gangan aka yi. Da aka zo farkon shekarun 2000 kwamfuta ta shiga gidaje, sai kowane yaro ya ɗauki Dragon Ball Z ya ɗora waƙoƙin Linkin Park, abin ya yi yawa har masu harkar suka laƙaba masa suna Linkinball Z don tsokana. Wato abin da fonk da Jujutsu Kaisen suke yau shi ne wancan a lokacin, ba wani sabon ciwo bane. Amma a cikin wannan zamanin dai, a 2001, wani Eric Kobet ya fitar da Tainted Donuts. Me ya yi? Ya lura Spike na Cowboy Bebop sana'arsa farautar mutanen da aka sa kuɗi a kansu, Vash na Trigun kuma an sa biliyan 60 a kansa, sai ya ce toh ai dole waɗannan su haɗu, ya yanko su firem bayan firem ya saka su a hoto ɗaya har ka rantse shiri ɗaya ne. Shirye-shiryen nan biyu fa babu wanda bai san su ba a lokacin, kowa yana aiki da su, abin da ya zama nasa shi ne dangantakar da ya hango tsakaninsu. Haka wani AMV da aka yi a 2006 da Princess Tutu, shirin 'yan mata masu rawar bale wanda samari da yawa ko kallonsa basa yi, aka ɗora shi kan wata waƙar Suwidin mai ƙarfi, aka tsamo duhu da faɗan da ke cikinsa, har mutane suka riƙa neman shirin saboda bidiyon. Mai wannan aikin sai da ta san shirin ciki da bai kafin ta iya nuna wa mutane fuskarsa da basu sani ba.

Don haka neman anime ɗin da ba a sani ba shi kaɗai ba magani bane. Na sha ganin mutum ya tono wani tsohon shiri na 1980 da wani abu, ya yi masa daidai abin da ake yi wa Demon Slayer, girgiza a kowane bit, farin filashi a inda kiɗa ya fashe, ya ma ja hoton 4:3 ya buɗe shi ya cika allo har fuskoki suka yi faɗi. Wannan ai tsohon abu ne a sabon wuri. In kuma Naruto ne ranka yake so ka yi Naruto, ba wanda ya hana, sai dai ka tambayi kanka me ka gani a ciki wanda ba a cika faɗa ba. Kowa ya yi Rock Lee yana zubar da ƙarafan ƙafarsa a gaban Gaara, wa ya yi shi ta idon Guy, malamin da ya koya wa yaro abin da ya san zai iya karya shi kuma ya tsaya a sama yana kallo? Sina-sinan suna nan a shirin, ba dai a fakiti ba.

Gwajin da nake ba duk wanda ya kawo min aiki shi ne, faɗa min bidiyonka a jimla ɗaya ba tare da ka ambaci sunan ifekt ko sunan waƙa ba. In amsarka ita ce "editin ɗin Sukuna ne mai zafi" toh baka da komai tukuna, wannan suna ne kawai. In kace "yaro ne da ke ƙoƙarin ceton kowa kuma duk wanda ya taɓa sai ya rasa shi", yauwa, yanzu ka san sin ɗin da zai shiga da wanda ba zai shiga ba ko da kuwa shi ne mafi kyau a shirin. Wannan na ƙarshen shi ne mai ciwo, cire sin mai kyau don bai dace da maganarka ba, yawancin masu farawa basa iyawa kuma shi yasa aikinsu ke zama tarin wurare masu kyau da basu san juna ba.

Sai mu zo kan daidaita hoto da sauti, don kace bit baya wuce ka, ni kuma ina zargin wannan ma yana cikin abin da ke cutar da kai. Yanka a kan bit shi ne mataki na farko kuma lissafi ne kawai, waƙa mai bit 120 a minti kowane bit rabin sakan ne, a firem 24 kenan duk firem 12 ka yanka, ko manhajar CapCut zata saka maka alamomin da kanta. In kowane yanka ya faɗa a kan ganga, bayan sakan goma mai kallo ya riga ya san inda na gaba zai zo, idonsa ya daina jira. Abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne ya bar sin ɗin ya ci gaba ba yanka, motsin da ke cikin hoton shi ya faɗa a kan bit ɗin, takobi ya sauka, ido ya buɗe, ƙafa ta taka ƙasa, kai ya juyo. Sannan waƙa ba ganga kaɗai bace a cikinta, akwai murya akwai jita akwai bes akwai inda mawaƙi ya ja numfashi, kana iya bin murya a baiti ka koma bin ganga a amshi, kana iya barin bit huɗu su wuce kana riƙe da fuska ɗaya don in ka saki a ji shi a ƙirji. Akwai kuma haɗa yanka ta siffa, wani ya faɗi a sin ɗin farko wani daban ya tashi a na biyu a daidai wajen da idon mai kallo yake, wannan ba firiset ɗin da zai yi maka, sai ka san kayanka. Bin kalmomin waƙa kuwa a yi hattara, ba duk inda aka ce ruwa za a nuna ruwan sama ba, in aka ce wuta a nuna wuta, wannan ya zama fassara, gara ka bi abin da baitin ke nufi ko ma ka saɓa masa da gangan. Walter Murch, wanda ya ci Oscar a tace fim, ya jera abubuwa shida da yake dubawa kafin ya yanka har ya ba su maki, abin da mai kallo zai ji a ransa ya ba shi kashi 51 cikin ɗari, labari 23, tafiyar kiɗan yankan kashi 10 kacal, sauran ukun suka raba ragowar. Ba sai ka yarda da lambobinsa ba, AMV ba fim bane kuma kiɗa ya fi nauyi a wajenmu, amma ka duba yadda yawancin editin na yanzu suka kwashe ƙarfinsu duka suka zuba a wannan kashi goman.

Ifekt ban ce haramun bane, kar a ce na faɗa. Abin da nake so ka sani shi ne me kowanne yake yi. Ɗauki sulo ɗin da kowa ke so, anime ana fitar da shi a kusan firem 24 a sakan, amma ba zane 24 ake yi ba, sau da yawa zane ɗaya yana zama firem biyu ko uku, wato zane 12 ko 8 a sakan. Twixtor da ire-irensa ƙirƙiro firem suke a tsakanin zane biyu ta hanyar hasashen inda kowane ɗigo ya nufa, shi yasa in baka cire firem ɗin da suka maimaita ba yake tsalle, in kuma motsin ya yi sauri hannaye su narke gashi ya lanƙwashe. Kuma masu zanen da gangan suke riƙe wani zanen su saki wani don naushi ya yi nauyi, kai kuma ka zo ka lallaɓe shi duka ya zama sumul kamar ana iyo a ruwa, nauyin ya tafi. Akwai inda sulo ke da kyau sosai, gashi a iska, hawaye, juyowar kai, amma a yi wa bidiyo duka daga farko har ƙarshe don kawai haka ake yi, ka kashe bambancin da ke tsakanin kamfanonin anime irin su Ufotable da Trigger da Kyoto Animation kenan, kowa ya koma kala ɗaya tafiya ɗaya. Ni ƙa'idata ita ce in na kashe ifekt ɗin sin ɗin bai rasa komai ba toh dama ado ne, ya fita.

Kwaikwayo kuma kar ka ji kunyarsa, kowa da shi ya koya. Ka ɗauki aikin wanda ke burge ka ka sake gina shi yanka bayan yanka don ka gane dalilin da yasa ya yi abin da ya yi, amma wannan na cikin wayarka ne ba na ɗorawa ba. Abin da ba a yafewa a wannan harkar tun da can shi ne ka yanko daga cikin AMV ɗin wani ka saka a naka, ko ka ɗauki maskin, wato yanko mutum daga cikin hoto, da ya kwana yana yi ko zanen wani mai zane baka ambace shi ba. Wani zai ce ai dukanmu kayan wasu muke amfani da su, hoton na kamfani waƙar ta mawaƙi, gaskiya ne, shi yasa ma abin da ya rage namu ɗan kaɗan ne, zaɓe da jeri da lokaci, in ka ɗauke wannan ka ɗauke duk abin da mutum ya mallaka.

Akwai wata dama da kake da ita wadda yaron Indonesiya da na Barazil basu da ita, kunnenka. Ka tashi da kiɗan da su basu taɓa ji ba. Ka duba Hajime no Ippo, shirin damben zamani ne, yaro mai kunya da ake zalunta ya zama ɗan dambe, sannan ka saurari yadda Ɗan Anace ke zuga Shago, kirarin da tsoratar da abokin karawa da maganar mutuwa da ake yi kafin a shiga fage, ka gaya min in basu dace ba. Amma ina gargaɗinka ba abu ne mai sauƙi ba, kuma a nan zaka san ko ka iya. Kalangu magana yake yi, yana bin hawa da saukar harshe, ba wani wajen fashewa guda da zaka jira kamar a fonk, tsofaffin ɗaukan nan kuma saurinsu yana ƙaruwa yana raguwa don mutane ne ke kaɗawa ba na'ura ba, alamar bit ta manhaja ba zata taimake ka ba sai dai ka sa da kunne. Tsarin ma daban ne, jagora ya bayar 'yan amshi su karɓa, sai ka yi tunani wa ke da jagora a hoton wa ke da amshi, ƙila Ippo da kocinsa, ƙila 'yan damben da 'yan kallo. Kuma ka yanke shawara tun farko da gaske kake ko barkwanci, don in ka tsaya a tsakiya dariya kawai za a yi a wuce. In ma ba wannan ba, duk waƙar da kake ji kai kaɗai a iyafis wadda bata cikin masu tashe ta fi maka wadda aka yi editin dubu da ita a satin nan.

Sai dai in gaya maka gaskiya kar ka ce ban faɗa ba, irin wannan aikin ba lallai ya kawo maka masu kallo kamar na Gojo ba, musamman da farko. TikTok da su Reels abin da ya yi kama da wanda mutane suka riga suka kalla shi suke turawa, sauti mai tashe yana ja, sakan 15 yana ja. In lambobi kake nema wannan hanyar tana aiki kuma ba laifi bane, kowa da kiwon da ya karɓe shi, wasu ma biyun suke yi, gajere na tashe don shafi ya motsa dogo kuma don kansu. Abin da ba zai yiwu ba shi ne ka yi abin da kowa ke yi sannan ka ji haushi an ce ya yi kama da na kowa. Ka kuma faɗaɗa abin da kake kallo, don in editin ɗin TikTok kaɗai ke shiga idonka shi kaɗai zai fito daga hannunka. Shafin AnimeMusicVideos.org yana nan tun 2000, kana iya bincika da sunan anime ko na mawaƙi ka ga me aka taɓa yi, ka nemi waɗanda suka ci gasar Otakon da Anime Weekend Atlanta a Amurka, da ta AKROSS ta Rasha, da bidiyoyin da Japanawa ke kira MAD a shafin Niconico waɗanda salonsu daban ne gaba ɗaya, sun fi wasa da sauti da rubutu. Zaka ga rukunin barkwanci da na ban tausayi da na tirela da na rawa, abubuwan da mai kallon faɗa kaɗai bai ma san ana yi ba. In ka tarar an taɓa haɗa shirinka da waƙarka kar ka fasa, ka kalla ka ga me ya faɗa, in maganarka daban ce ka ci gaba.

Batun laftof, ka saya in kana da hali amma ba don wannan matsalar ba. Ranar da ka samu ra'ayin da ke buƙatar ka yanko mutum daga shiri ɗaya ka saka shi a wani firem bayan firem, ko taimlayin ɗinka ya yi tsawon da waya ke zafi tana fita da kanta, ranar ka buƙace shi, kuma ko a lokacin DaVinci Resolve yana da na kyauta wanda ya isa yanka da gyaran kala, ba sai ka fara da biyan kuɗin After Effects duk wata ba. Kafin nan ga aikin da zan baka, sakan 45 zuwa minti ɗaya, shiri ɗaya da ka kalla da kanka, ba fakiti, ba firiset, ba girgiza ba zum ba filashi, yanka kawai da ɗan dusashewa in ta kama dole, kuma kar jarumin shirin ya zama shi ne kan gaba, ɗauki wani na gefe. In ka gama ka kashe sautin ka ba wani da bai san shirin ba ya kalla ya faɗa maka me ya fahimta, sai ka turo min bidiyon tare da jimlarka da abin da shi ya ce, mu duba inda suka rabu.